Kap-Ber: Sahel a Tsakiyar Teku

Manomin Arewa da ya saba duban gabas yana jiran hadari zai zaci wanda teku ta kewaye ba ya kukan ruwa. Ƙasar Kap-Ber ta ƙaryata wannan zato. Tsibirai 10 ne cikin tekun Atlantika, wajen kilomita 570 yamma da Dakar, 9 daga cikinsu ke da mutane. Jama'arta kimanin rabin miliyon ne, babban birninta Praya. Ta samu ƴancin kai daga Fotugal ranar 5 ga Yuli 1975.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, domin ruwan gishiri ba ya raya shuka. Daminarsu gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba, wata shekarar ma ba ta sauka. Irin hazon hunturun da ke rufe duwatsun Dogondutsi yakan ƙetare teku ya rufe su. Yunwar 1947 ta kashe dubban mutane. Shi ya sa ƙasar ke cikin CILSS tare da Nijar, wato ƙungiyar yaƙi da fari wadda cibiyarta ta AGRHYMET ke Yamai.

Masara da wake suke nomawa, amma ba su ci da ƙasar. Galibin cimaka jiragen ruwa ke kawowa. Kuɗin sayenta na fitowa daga kamun kifi, da baƙi masu shan iska a tsibiran Sal da Bowa Bista, da aiken ƴan ci-rani. Waɗanda ke Amurka, Fotugal, Faransa da Holand sun fi na gida yawa.

Abin da ke haɗa na gida da na waje shi ne Kiriyol, harshen da ya tashi daga cuɗanyar Fotugisanci da harsunan bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da shi ake ciniki, da shi ake waƙa, amma takardun gwamnati da Fotugisanci ake rubuta su. Ma'aikacin Nijar ya san wannan rabon aiki tsakanin kasuwa da ofis.

A Praya sai an tace ruwan teku da injuna masu tsada kafin a sha. A Dallol Mauri kuwa, daga Dutsi zuwa Tibiri, ruwan daɗi na kwance kusa ƙarƙashin rairayi; masu noman dankalin turawa da rani shaida ne. Abin da ƴan tsibiri ke saye da kuɗi, Ba'are yana tafiya bisa kansa.