KWARIN DARA'A A ƘASAR MAROKO: ABIN DA MANOMI ZAI GANI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowace shekara mutanen Nijar da yawa suna tahiya ƙasar Maroko. Wasu suna zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijani a birnin Fas, wasu karatu, wasu fatauci ko neman magani. Yawancinsu ba su wuce manyan birane. To, a kudancin ƙasar, bayan duwatsun Atlas, akwai wani kwari da ake kira Dara'a. Duk wanda Allah ya ba halin zuwa Maroko, ya kamata shi ware kwana 4 ko 5 shi je shi gan shi.

Wuri ne mai kama da namu: rana mai zahi, rairai kusa, ruwan sama kaɗan. A Zagora, babban garin kwarin, ruwan shekara ba ya kai milimita 100 a yawancin shekaru, alhali Maraɗi tana samun wajen 500. Duk da haka mutane sun yi shekaru ɗaruruwa suna ci suna sha a wurin. Yaya sunka yi? Gani ya kori ji.

Hanya

Daga Yamai ana shiga jirgin sama zuwa Kazablanka. Daga nan a kama jirgin ƙasa ko kar zuwa Marakesh. Tsakanin Marakesh da Warzazat akwai wajen kilomita 200, amma kada ku auna su da hanyar Dogon Dutsi zuwa Ƙwanni. Hanyar tana hawan dutsi tana murɗewa kamar maciji, har ta kai wata mashiga da ake kira Tishka, mai tsawon mita 2.260 bisa teku. Lokacin ɗari ƙanƙara tana ruhe kawunan duwatsun, wani lokaci har ta tare hanya. Ku dube ta da kyau, don ita ce ke narkewa ta gangara ta shayar da dabinon da za ku gani can ƙasa.

Kamin a shiga Warzazat, wajen kilomita 30, akwai wani tsohon ƙauye na jar ƙasa a jikin tudu, sunanshi Ait Bin Haddu. A da zangon ayari ne. A 1987 hukumar Unesko ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ku hau bisa tudun da sassahe, kamin maziyarta su yi yawa. Kusa da Warzazat kuma akwai tashar Nur, wadda anka buɗe kashinta na farko a 2016, inda ake maida hasken rana wutar lantarki.

Baraji mai sunan da ya shahe mu

Gab da Warzazat ne koguna ke haɗuwa su zama Dara'a. Shi ne kogin da ya hi kowane tsawo a Maroko, wajen kilomita 1.100, amma da wuya ruwanshi shi kai teku. A 1972 anka fara aiki da wani babban baraji a nan. Yanzu ruwa ba ya gangarawa yadda ya ga dama. Ana tare shi, a riƙa sako shi sau kaɗan a shekara, gwargwadon abin da ya taru.

An ba barajin sunan Sarki Ahmadu Mansur Zahabi, wato mai zinariya. Asalin gidan sarautarsu daga wanga kwari ne. Shi ne ya tura sojoji masu bindiga a ƙarƙashin Judar, sunka bi ta Dara'a sunka ƙetare hamada, sunka ci daular Songai a Tondibi, arewa da Gawo, a 1591. Waɗanda ba su yarda da mulkinsu ba sunka gangara Dandi sunka ci gaba da yaƙi. Ashe tarihinsu da namu sun daɗe da haɗuwa.

Gona mai hawa 3

Bayan kilomita 70 daga Warzazat sai a iso garin Agdiz. Kada a haɗa shi da Agadas namu, suna ne kawai ya yi kama. Daga nan dabino ke farawa, ƙarƙashin wani dogon dutsi da ake kira Kisan. Dazuzzukan dabino 6 ne ke bin juna har wajen kilomita 200, zuwa Mahamid. Hagu da dama dutsi ne tsirara, tsakiya kuma kore shar.

A nan ku sauka daga mota ku shiga garake da ƙafa. Za ku ga gona ɗaya tana da hawa 3. Bisa akwai dabino, shi ke tare rana da iska. Ƙarƙashinshi akwai ƙananan itatuwa kamar ruman da ɓaure. A ƙasa kuma alkama, sha'ir, albasa, karoti, lalle, da wata ciyawar dabbobi da ake kira luzarni, wadda ake yanka ta sake tohowa sau da yawa a shekara. Ruwa ɗaya ke shayar da su duka, inuwa kuma tana hana shi saurin ƙahewa. Mutanen Timiya da Ingal ba za su yi mamaki ba, don sun san irin wanga aiki.

Ku roƙi mai gona shi nuna muku garkenshi. Suna da wata irin tunkiya ƙarama da ake kira Daman. Ba a kai ta kiwo daji. A gida take, ana ba ta luzarni da dabinon da ya lalace. Takan haihi biyu ko uku lokaci guda, kuma tana iya haihuwa sau 2 a shekara. Takinta shina komawa gona. Ba abin da ke ɓacewa.

In kun je cikin watan maris ko afrilu, za ku iske maza bisa itatuwa suna barbarar dabino da hannu. In kun je oktoba ko nuwamba, lokacin yanka ne. Ku ɗanɗana irin da ake kira majahul da bufagus da jihal, ku gwada su da na Bilma.

Rabon ruwa

Abin da ya hi cancanta a tambaya shi ne yadda ake rabon ruwa. Daga kogi ana jan manyan hanyoyin ruwa da suke kira sagiya. Kowace sagiya tana da ƙauyukan da take shayarwa. Kowane gida ya san ranarshi da sa'arshi, ko da tsakar dare ta faɗo. Taron dattawan gari shi ke naɗa mutumin da zai lura da rabon, shi kuma yanke tara ga wanda ya saci ruwan wani. In lokacin yasar sagiya ya yi, kowane gida mai rabo shina ba da mutum. A wasu ƙauyukan kudancin Maroko, a da, da tasa mai huda ake auna lokaci: a ɗora ta bisa ruwa, in ta cika ta nutse, rabo ɗaya ya wuce.

Ƴan koperatib na hilayen noman rani, wanga darasi naku ne. Siminti da inji ba su isa su raya hili in babu doka da kowa ya yarda da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gidajen ƙasa

Tsohon ƙauyen Dara'a shina da ganuwa da ƙofa, kamar biranenmu na da. An gina shi a gehen gonaki, bisa ƙasar da ba ta noma, don kada a ɓata ƙasa mai kyau. Ɗaya daga cikin waɗanda sunka hi kyau shi ne Tamnugalt, kusa da Agdiz. Magina ba su cika yin tubali irin namu ba wajen ɗaga babban bango. Suna kafa alluna 2, su zuba ƙasa mai laima a tsakani, su daka ta har ta taushe, sa'an nan su gusa da allunan gaba. Benaye ne masu hawa 2 ko 3. Da gungumen dabino suke azara, yadda muke yi da giginya. Lunguna ƙanana ne, wasu a ruhe, shi ya sa ko da tsakar rana akwai sanyi. Yau mutane da yawa sun hita sun yi gidajen siminti bakin hanya, tsohon ginin kuma shina zubewa in ba a yi mishi yaɓe ba.

Masu son tarihi su ratsa kusa da Tinzulin, a wani wuri da ake kira Fum Shanna. Akwai zanen mahaya da dabbobi bisa duwatsu, kamar waɗanda ke Abzin. A bakin ma'aikatu kuma za ku ga rubutun tifinar tare da Larabci, ɗan uwan wanda Abzinawa ke yi. Tun 2011 harshen tamazik ya zama harshen hukuma a Maroko.

Zagora da Tamgurut

Zagora tana wajen kilomita 160 daga Warzazat. A cikin garin akwai wani allo da kowa ke zuwa gani, an rubuta cewa daga nan zuwa Tumbutu kwana 52 ne bisa raƙumi. Kasuwar garin tana ci ran Laraba da ran Lahadi. Ku je ku ga dabino, lalle, tumaki da kayan azurfa. A yi ciniki da haƙuri, don farashin farko ba shi ne na gaskiya ba.

Wajen kilomita 18 gaba akwai Tamgurut. Nan ne zawiyar Nasiriyya, wadda ta shahara tun zamanin Shehu Muhammadu ɗan Nasir a ƙarni na 17. Tana da ɗakin ajiya mai littattafai dubbai rubutun hannu: Alƙur'ani, hadisi, lissahi, ilimin taurari da na magani. A cikin garin kuma akwai maginan tukwane masu yin kwanoni da tasoshi kore. Sinadarin jan ƙarhe da suke sa wa ruwan da suke shafa musu shi ke ba da wanga launi bayan an gasa. Ana barin baƙo shi tsaya shi kalli aikin.

Inda kwalta ta ƙare

Mahamid tana wajen kilomita 95 kudu da Zagora. Nan kwalta ta ƙare. Daga nan ake ɗaukar maziyarta da raƙumi ko mota zuwa manyan tuddan rairai na Shigaga, su kwana a tanti. Mu dai rairai ba baƙonmu ba ne. Abin da za mu duba shi ne shingayen da anka kitsa da zarɓar dabino, gida-gida kamar dara, don tsayar da rairai. Irin aikin ne da ake yi a ƙasar Gure da Maine-Sorowa.

A nan ne kuma za ku ga ciwon kwarin. Na ƙarshen sagiya shi ke shan ƙishirwa. Ruwan baraji ba ya isowa Mahamid yadda ya kamata, na rijiya kuma ya yi gishiri. Daga 2019 zuwa 2024 Maroko ta sha fari shekara bayan shekara. Dabino da yawa sun bushe a tsaye, wasu gobara ta cinye, samari kuma sun tahi birni. Tabkin Iriki da ke yamma ya daɗe a ƙahe, sai da anka yi wani ruwa mai ƙarhi a satumba 2024 ya sake tara ruwa.

Akwai kuma laihin ɗan Adam. A hilayen da ke kewaye da Zagora an haƙa rijiyoyi masu zurhi an sa injuna, ana noman kankana don sayarwa birane da Turai. Kuɗi sun shigo, ruwan ƙasa ya yi ƙasa. A 2017 mutanen Zagora sunka hito zanga-zanga saboda rashin ruwan sha. Daga baya hukuma ta taƙaita faɗin gonar kankana da mutum zai iya nomawa. Masu sayen injin ban ruwa a Gulbin Maraɗi da Majiya, ku yi tunani a kan wanga labari.

Gargaɗi babba

Akwai wata cutar dabino da ake kira bayud. A wanga kwari anka fara ganinta wajen 1870. Tana zaune cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwan itace. Zarɓa ta yi fari ta gehe ɗaya, daga baya itacen shi mutu. Ta kashe dabino miliyoyi a Maroko da Aljeriya. Tana bin ɗiyan dabino da ake dasawa, da ƙasa, da kayan da anka saƙa da zarɓa. Saboda haka, ƴan uwa, ku ci dabino ku ƙoshi, amma kada wanda ya ɗauko ɗan itace ko ƙasa ko saiwa shi kawo gida, komi kyawon irin. Kuskuren mutum ɗaya shina iya kashe garaken Abzin da Kawar. Rigakahi ya hi magani.

Shawarwari ga matahiyi

Lokacin da ya hi daɗi shi ne daga oktoba zuwa afrilu. A watan yuli da agusta zahi shina wuce awo 45. Cikin disamba da janairu dare shina da ɗari ƙwarai, a riƙe bargo da rigar sanyi. Kuɗinsu dirhami ne, a canza a banki. Kamin tashi, a je ohishin jakadancin Maroko a Yamai a tambayi takardun da ake bukata. Mai jin Larabci ko Faransanci ba zai ɓace ba.

Ku sauka a ƙananan masaukai na ƴan ƙauye, don kuɗinku su shiga hannun talaka. In an ba ku shayi da na'ana'a, ko madara da dabino, ku karɓa, haka suke tarbon baƙo. Ran Juma'a ana cin kuskus bayan masallaci. Kada ku tsinki abin gona sai da izini, kada ku taka bakin sagiya, kada ku ɗauki hoton mata. Ku yi tattalin ruwan wanka, don kun ga yadda ake samunshi.

In kun dawo, ku tara ƴan garinku ku ba su labarin gona mai hawa 3, da rabon ruwa, da abin da kankana ta jawo. Wannan ita ce tsarabar da ba ta ƙarewa. Allah shi kai lahiya, shi maido lahiya, shi ba mu damana mai albarka.