Carbin dattijo da yogar cikin waya: me likitoci suka auna?

Bayan sallar asuba a Tibiri, ko Gazawa, ko wani ƙauye na ƙasar Agye, ba a rasa dattijo zaune kan buzu, carbi a hannu, yana jan lazimi: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari. Jikansa kuma yana zaure da waya, yana kallon bidiyon wata mata da ta tanƙwashe ƙafa tana jan numfashi, ana cewa yoga ce, wai tana maganin hawan jini da ciwon suga da damuwa. Shin likitoci sun taɓa auna abin nan kuwa?

Sun auna. A 2014 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi wa mutum 3,515 kan zaman nutsuwa, wato mutum ya zauna shiru ya tattara hankalinsa wuri guda. Sun ga yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma ragi ne matsakaici, kuma babu shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki. Ita ma yoga, wadda asalinta Indiya ne, nazarin ƙungiyar Cochrane na 2017 ya nuna tana ɗan sauƙaƙa ciwon baya. Wannan ba ƙaramin labari ba ne ga matar da ta wuni tana daka da jan guga, ko manomin aya da ya yi kwanaki a duƙe.

Binciken da ya fi kusa da gida shi ne na Luciano Bernardi, likita a jami'ar Pavia ta Italiya, wanda mujallar BMJ ta buga a 2001. Ya sa mutum 23 suna maimaita addu'ar carbi ta Katolika da Latinanci, sannan suna maimaita kalmomin da masu yoga ke rerawa. A duka biyun numfashinsu ya sauka zuwa kimanin shida a minti, alhali baligi a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Da numfashi ya yi sanyi haka, sai bugun zuciya ya bi shi sau da ƙafa, jijiyoyin da ke saita hawa da saukar jini suka ƙara kaifi. Abin da ya yi aikin shi ne maimaitawa a hankali da dogon numfashi, tunda addu'ar Katolikar da kalmomin yogar ba su haɗu a komai ba cikin lafazin.

Bernardi bai gwada zikiri ba, kuma mai wazifa don Allah yake yi, ba don na'urar awo ba. Hukuncin yoga a addini ma na malamai ne. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a da'irar zikirin Juma'a bayan la'asar ya san yadda ƙirji ke sakewa, ya kuma san cewa nutsuwar da ake tallata masa a waya kamar baƙon kaya ta daɗe a gidansu.

Inda hatsarin yake shi ne alƙawarin warkarwa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2017 ana iya haɗa zaman nutsuwa da magani, ba a maye gurbin maganin da shi ba. Hawan jini kuwa yakan shekara bai yi sallama ba, sai ranar da ya shanye rabin jikin mutum. Haka kuma damuwar magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan bakwai, gero bai nuna ba, numfashi zai sassauta ta na ɗan lokaci ne kawai.

Don Allah, mai shan maganin hawan jini a Gidan Rumji ko Gazawa kada ya ajiye shi saboda bidiyo. Ya ci gaba da zikirinsa, ya rage gishiri da magi, ya riƙa zuwa likita ana auna masa jini.