Daren Da Kwamfutar Malam Ta Kurmance

A wata unguwar Hausawa da ke Agege, cikin Legas, akwai wani tsohon malamin firamare wanda tun da ya ajiye alli ya koma rubuta wa jama'a takardu. Jarinsa duka kwamfutar cinya ce guda ɗaya, 'yar gwanjo, da ɗan akwatin Wi-Fi da ba ya wuce tafin hannu. A cikin kwamfutar nan kuwa akwai amanar mutane da yawa: takardun filaye, da hotunan fasfo, da sakamakon jarrabawar 'ya'yan unguwa.

To, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, watau shekara goma bayan fitowarta a 2015. Malam ya daɗe yana ganin sanarwar cewa ya koma Windows 11 yana kau da kai, sai wata ranar Laraba da dare, da ya ga wuta ta zauna, ya ce bari ya sauke wannan nauyi. Ya danna, ya je ya kwanta. Abin da bai auna ba shi ne, akwai takardar neman tallafin karatu ta wani maraya, ɗan maƙwabciyarsa, wadda za a rufe karɓa ran Juma'a da sha biyun dare.

Da gari ya waye kwamfuta ta tashi da sabuwar fuska, komai tsaf. Amma 'yar alamar nan mai kama da mafici, wadda ke nuna Wi-Fi a kusurwar ƙasa, ta ɓace. Akwatin yana nan yana ƙyafta fitilarsa, wayar Malam tana kama shi sarai, kwamfuta kuwa kamar an toshe mata kunne. Ya kashe ya kunna har sau uku. Ya duba ko hannunsa ya taɓa maɓallin nan mai hoton jirgin sama, wanda ke yanke duk wata sadarwa. Ba shi ba ne.

Da hantsi uwar yaron ta yi sallama daga bakin ƙofa, ta ce, "Malam, an aika kuwa?" Ya ce, "In Allah ya yarda, kafin gobe." Ta yi godiya ta juya, shi kuwa ya bi ta da kallo, gumi na keto masa.

Ran Alhamis ɗin nan ya ɗauki kwamfuta ya nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Mai gyara na farko bai ko buɗe ta sosai ba ya yanke hukunci, wai a wanke ta kakaf a zuba sabuwar manhaja. Wannan magani ne da ya yi yawa a bakin masu gyara, domin ya fi sauƙi gare su, kuma mai kaya ba ya gane asarar da ya yi sai ya koma gida ya nemi takardunsa. Malam ya tambaya, "Kayan da ke ciki fa?" Aka ce masa ai wannan sai haƙuri. Ya naɗe abarsa ya komo, gara kurma mai riƙe da amana.

Sai bayan sallar Juma'a ya tuna da wani tsohon ɗalibinsa da ke aikin kwamfuta a Kaduna. Ya buga masa waya. Yaron ya gaishe shi da ladabi, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Tafinta ne ya ɓata."

Bayanin da ya yi ya cancanci a maimaita shi. Cikin kowace kwamfutar cinya akwai ɗan ƙaramin kati mai kama saƙon iska. Katin nan ba ya jin maganar babbar manhaja kai tsaye, sai ta bakin wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. In aka sauya babbar manhaja, wani lokaci tsohon direba ba ya jin harshen sabuwar, ko kuwa a ɗora wani wanda bai dace da katin ba. Ya sa Malam ya buɗe shafin da ke jera kayan cikin kwamfuta, mai suna Device Manager. Ga shi nan kuwa, gefen sunan katin, ɗan alwatika ruwan ɗorawa da alamar motsin rai a tsakiya.

A nan ne gizo ke saƙar. Sabon direba yana intanet, kwamfuta kuwa ba ta shiga intanet sai da direba. Malam ya ce, "Ɗana, ai wannan mabuɗi ne aka kulle cikin ɗaki." Yaron ya yi dariya ya ce akwai taga. Ya sa shi ya haɗa wayarsa da kwamfuta da igiyar caji, ya kunna raba intanet ta igiya cikin saitin wayar. Wannan hanya ba ta bi ta kan katin Wi-Fi ko kaɗan. Kafin Malam ya gyara zama, shafi ya buɗe.

Har ya fara tambayar inda za a samo direban, yaron ya tare shi: "Malam, gafarta mini, aika takardar marayan tukuna. Gyara ba ya gudu." Malam ya yi shiru. Kwana biyu ke nan hankalinsa ya tattara kan alamar mafici, har ya manta ba ita ce bukatar ba. Ya ɗora takardu ɗaya bayan ɗaya, ya danna aikawa, ya jira har shaidar karɓa ta fito. Lokacin ana kiran sallar la'asar.

Sauran aikin bai ɗauki dogon lokaci ba. Ya kifa kwamfuta ya karanto lambar samfurinta daga takardar da ke manne a ƙasa, suka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, suka sauko da direban da aka yi domin Windows 11, aka kashe aka kunna. Mafici ya komo wurinsa. Yaron ya ƙara da cewa da abin ya faskara, akwai damar komawa tsohuwar manhaja cikin kwana 10 na farko ba tare da an taɓa takardun kowa ba, abin da mai gyaran Ikeja bai ambata ba ko da wasa.

Bayan magariba Malam ya buga shaidar a takarda, ya ninke ta biyu, ya ba wani yaro ya kai gidan maƙwabciya. Shi kuwa ya aika aka sayo masa filas, ya zauna kwafe takardun mutane daki-daki, har wuta ta ɗauke yana kan na filaye.