Rize: Garin Shayi Da Furen Da Ke Canza Launi

A wannan wata zan ɗauke ki ne zuwa arewa maso gabashin ƙasar Turkiyya, wani gari da ake kira Rize a bakin tekun Bahar Aswad, inda muka yi kwana biyar ni da maigidana a watan Yuli na 2023. Galibin matanmu da ke zuwa Turkiyya iyakarsu Istambul, su sari kaya su juyo, don haka ba kowa ya san wannan ɓangare ba.

Idan kin je, abin da zai fara tarbar ki shi ne ruwan sama. Babu lardin da ya kai Rize samun ruwa a duk Turkiyya, domin a shekara yakan haura milimita 2,000, wato ya ninka na Kano har da ɗori. Ko filin jirgin da za ki sauka, wanda aka buɗe a 2022, cike teku aka yi aka gina shi, saboda duwatsu sun matso har bakin ruwa, ba su bar shimfiɗaɗɗen fili ba. Duk inda kika ɗaga kai gonakin shayi ne hawa-hawa a jikin tudu, kuma za ki ga mata sun duƙufa da wani babban almakashi mai jaka a jikinsa suna datsar ganye. A nan aka kafa masana'antar shayi ta farko a ƙasar a 1947, kuma har yau mafi yawan shayin da Turkawa ke sha daga wannan yanki yake fitowa.

To amma ni ba shayin ne ya ɗauke mini hankali ba. Wani fure ne da za ki riƙa gani a bakin hanya, a gindin katanga, a ƙofar kusan kowane gida na ƙauye. Itacen ba ya cika wuce tsayin mutum, ganyensa faffaɗa, furen kuma dunƙule yake kamar malmalar tuwo, wani shuɗi shar, wani shunayya, wani ruwan hoda. Turkawa na kiran sa ortanja, Turawa kuma haidaranjiya, sunan da ya fito daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwa da mazubi. Asalin wannan iri mai manyan ganye daga Japan yake, amma ya sami wurin zama a Rize kamar can aka halicce shi.

Dattijuwar da muka sauka a gidanta, wadda ɗanta ya ce in riƙa kiran ta Teyze, wato Inna, ita ta nuna mini abin da ya fi ba ni mamaki. Reshe ɗaya ta yanka gida biyu shekarun baya, ɗaya ta dasa a gefen gonar shayi, ɗaya a jikin sabuwar katangar siminti. Na gonar ya fito shuɗi, na katangar ruwan hoda. Kin san dai yadda zoɓo ke sauya kama idan kanwa ta taɓa shi; to sinadarin launin da ke cikin wannan fure dangin na zoɓo ne, sai dai shi hanyarsa daban. Idan ƙasa na da tsami, wato ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, sinadarin alminiyom da ke cikinta yakan narke, saiwa ta zuƙe shi, fure ya yi shuɗi. Idan tsamin ya ragu, awon ya wuce 6.5, alminiyom ɗin ba ya narkewa, sai fure ya koma ruwan hoda. Ƙasar da shayi ke so mai tsami ce, siminti kuwa kashe tsami yake yi, kamar yadda tokar murhu ke yi. Farin iri shi kam ba ruwansa, fari yake zama ko me kika zuba masa.

Yanzu bari in faɗa miki wautar da na tafka, don kada ki bi sahuna. Da muka dawo, na ga irin furen a wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi a Abuja, na tambaye shi ko zai rayu a Kano, ya ce ai ko a Agadas ma zai yi. Na biya kuɗin da har yau ban faɗa wa maigida adadinsu ba, na kawo na dasa a tsakiyar tsakar gida inda kowa zai gani. Ya lallaɓa ya wuce damina da hunturu. Bazara na shigowa, kullum da azahar ganyen ya yi yaushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, ni kuma in yi ta ɗura masa ruwan rijiyar burtsatse safe da yamma. Kafin ƙarshen Afrilu ya bushe ƙurmus. Laifi biyu na yi: na ba shi ranar da ba ya iya ɗauka, kuma ban yi la'akari da cewa wannan itace na buƙatar wasu makonni na sanyi sosai kafin ya ƙulla furen shekara mai zuwa ba.

Saboda haka idan a Kano, Sakkwato ko Maiduguri kike, shawarata ki ajiye kuɗinki, ki shuka abin da ya saba da zafinmu. Amma idan kina Jos ko tsaunin Mambila, inda mu ma muke noman shayi a Kakara, kina iya gwadawa. Nemi wurin da ke samun hantsi kawai, inuwa ta rufe shi tun kafin azahar, kuma iska ba ta kaɗa shi da ƙarfi. Ki haƙa rami mai faɗin tukunyar da ya zo a ciki sau biyu, amma zurfin daidai da ita, ki cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya gama ruɓewa. Tsakanin wannan da wancan a bar kamar mita ɗaya. Bayan dashe ki ba shi ruwa ya ƙoshi, ki lulluɓe gindin da busassun ganye. Yana son danshi amma ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma ruwan sama da kika tara ya fi masa na rijiya. Mai son shuɗi takan narka cokali ɗaya na alif a ruwa lita 4 ta zuba a jiƙaƙƙen gindi lokaci-lokaci. In ya yi yawa yana ƙona saiwa.

Ba lallai ki sayi da yawa ba. Teyze reshe take yanka wanda bai yi fure ba, tsawonsa bai kai taƙi ba, ta cire ganyen ƙasa, ta datse na sama rabi, ta soka a yashi mai danshi a inuwa, cikin kamar wata guda ya yi saiwa. Ta kuma ja kunnena a kan aski: yawancin irin nan a jikin reshen bara suke yin fure, duk wadda ta sassabe shi ƙasa da sunan gyara, to badi ganye kawai za ta gani.

Abu na ƙarshe kuma, ke mai ƙananan yara da awaki a gida, ganyensa da furensa na ɗauke da guba. Yaron da ya tauna zai iya yin amai, gudawa da ciwon ciki, haka ma dabba, don haka a dasa shi inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, in kuma tsautsayi ya gitta a garzaya asibiti da ragowar ganyen a hannu.

Ranar da za mu taho, Teyze ta dafa mana muhlama, garin masara ne da man shanu da cuku, mai jan zare kamar miyar kuɓewa. Ta yanko mini rassa uku ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, amma da ɗanta ya tuna mana cewa ba a tsallaka iyaka da shuka sai da takardar izini, sai ta karɓe abinta ta soka su a bakin ƙofa, ta ce nawa ne, duk ranar da na dawo in zo in duba launin da suka yi.