Hukuncin da Muka Ji a Rediyo

A Zangon Wagadugu na tashi, inda kakana ba ya raba gardama, ko ta akuya ce, sai ya ji ta bakin kowa, wani lokaci har magariba. Shi na tuna a Fabrairun 2022. Sojoji sun kifar da Roch Kaboré ranar 24 ga Janairu. Ba a jima ba Majalisar Tsarin Mulki ta ayyana Paul-Henri Damiba shugaban ƙasa. A rediyo muka ji, an riga an gama. Na yarda ƙasa ba ta zama babu shugaba. Amma wa aka kira ya yi magana da yawunmu, mu da muka jefa ƙuri'a a 2020? A Oktoba majalisar ta sake rantsar da wani.