Fatsa a bakin tekun Lome

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, mu direbobin kamiyo Lome muke jiran lodi. Makonni muna zaune, sai shayi da taba da tunanin iyali. Shi ya sa wasunmu suka koyi jefa fatsa a teku bayan sallar asuba. Wallahi sau da yawa hannu Rabbana muke dawowa. Amma tafiya cikin rairayi tana warware baya da gwiwa, ido na kan zare, zuciya ta huta, da dare barci ya zo babu ƙwaya. Sai dai 'yan uwa, tekun nan ba tabkin Madarunfa ba ne. Igiyar ruwansa tana jan mutum, kuma yawancinmu ba mu iya iyo ba. Kada wanda ya je shi kaɗai.