Ingilishin ƴaƴanmu: kada mu raina taimakon Hausa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan uwa iyaye, akasarinmu da muka shiga lakwal a Nijar da Faransanci muka yi karatu, Ingilishi kuwa sai a ajin farko na kwaleji muka gamu da shi. Yau abin ya wuce darasin jarrabawa. Kundin mulkin da aka kafa a shekarar 2025 ya ɗauki Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ga kuma ƴaƴanmu masu zuwa neman ilimi Kano da Sakkwato da Ghana, ga fataucin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina. Neman harshe ba baƙon abu ba ne a addininmu, domin Manzon Allah (SAW) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu.

Abin da muka lura da shi cikin littattafan yaranmu shi ne, kurakuransu suna da asali. Yaro yakan ƙulla zancen da Faransanci a zuci, sa'an nan ya juye shi kalma bayan kalma. Alhali a wurare da dama Hausar da ya sha a nono ta fi kusa da Ingilishi.

Mu duba mallaka. Bafaranshe yana cewa “sa mère”, ko ɗan namiji ne ko mace. Don haka yaro yakan rubuta “her mother” yana nufin uwar Musa, tun da uwa mace ce. Hausa kuwa ta raba “uwarsa” da “uwarta”, mai abin take dubawa, daidai da “his mother” da “her mother”.

Haka batun lokaci. “Je mange” ya haɗa wanda ke ci yanzu da wanda ya saba ci. Mu kuwa muna da “ina cin tuwo” da “nakan ci tuwo”, kuma bambancin ke nan tsakanin “I am eating” da “I eat”. Yaron da aka tunatar da wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai dai Hausa ma tana da wuraren da take jan yaro ga kuskure. Muna cewa “littafi biyu” ba tare da jam'i ba, shi ya sa ake ganin “two book” inda ya kamata a rubuta “two books”. Mota a wurinmu mace ce, “ta lalace” muke cewa, Ingilishi kuwa “it” yake ba ta. Wajen faɗin shekaru Hausa da Faransanci bakinsu ɗaya: “ina da shekara 12”, “j'ai douze ans”. Sai yaro ya rubuta “I have twelve years”, alhali daidai shi ne “I am twelve”.

Akwai kuma kalmomi masu kama da juna da ke yaudara. “Librairie” kantin sayar da littattafai ne, “library” kuwa ɗakin karatu. “Actuellement” na nufin a halin yanzu, “actually” na nufin a gaskiya.

Mene ne aikinmu a gida? Uwar da ba ta san ko kalma ɗaya ta Ingilishi ba tana iya cewa ɗanta: “Faɗa mini da Hausa abin da ka rubuta, yanzu ake yi ko an saba yi? Na mace ne ko na namiji?” Wannan tambaya kaɗai tana gyara da yawa. Mu tanadi ƙaramin littafi inda yaro zai riƙa rubuta kowane kuskuren da malami ya gyara masa, ya maimaita shi kamar yadda yake tilawar allonsa. Mu hana yayyensa yi masa dariya idan ya yi tuntuɓen harshe, domin wanda aka kunyata yakan kama bakinsa, mai shiru kuwa ba ya koyon magana. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya buɗa ƙwaƙwalwar zuri'armu, Ya ba su ilimi mai amfani duniya da lahira. Amin.